Takardar maganin Hajiya da hanyoyin rage kuɗinta

Ni ne mai zuwa kemis duk ƙarshen wata da takardar maganin mahaifiyarmu, wadda ta daɗe tana fama da hawan jini da ciwon suga. Har zuwa tsakiyar shekarar 2023 kuɗin bai taɓa tayar mana da hankali ba, amma da darajar naira ta faɗi a watan Yuni na shekarar, sai farashi ya riƙa hawa wata bayan wata, domin yawancin magungunanmu, ko sinadaran da ake haɗa su da su, daga Indiya da China ake shigo da su. A watan Agusta kuma kamfanin magunguna na GSK ya sanar da rufe harkokinsa a Najeriya, sai magungunansa irin su Augmentin na kashe ƙwayoyin cuta da Ventolin na masu asma suka fi ƙarfin talaka. A cikin wannan hali ne ƙanwata ta gano cewa Hajiya tana raba ƙwaya biyu, wata rana ma ta tsallake. Ni ba ta faɗa mini ba, kasancewar ni ne ɗan fari, ko sunana ba ta kira. Sai dai ta ce wa ƙanwata, "Ai na ga yaran nan suna fama, kuma jikin da sauƙi."

Wannan magana ce ta sa na shiga neman inda ake samun tallafi, kuma abin da na fara lura da shi shi ne cewa tallafin magani a ƙasar nan yana bin nau'in cuta ne. Mai ɗauke da cutar HIV yana karɓar maganinsa kyauta, haka ma mai tarin fuka, saboda akwai manyan masu ɗaukar nauyi daga waje, wato asusun Global Fund da aka kafa a 2002 da shirin PEPFAR na Amurka da ya fara a 2003. Hawan jini da ciwon suga kuwa, waɗanda ake shan maganinsu har ƙarshen rayuwa, ba su da irin wannan uban gida. Ko wancan tallafin ma, dakatar da agajin waje da Amurka ta yi a watan Janairu na 2025 ya nuna cewa ba abin dogaro ba ne har abada.

Hanyar da ta rage wa irin su Hajiya ita ce inshorar lafiya. A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta maye gurbin tsohon shirin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS, da sabuwar hukuma mai suna NHIA, ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma tanadi asusu na musamman domin masu rauni, irin su tsofaffi da mata masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara biyar da masu buƙata ta musamman. Akwai kuma asusun samar da kiwon lafiya na matakin farko, wato BHCPF, wanda dokar lafiya ta 2014 ta ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, kuma wani ɓangarensa yana bi ta hukumomin inshorar lafiya na jihohi kamar KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna domin a yi wa marasa ƙarfi rajista a asibitocin matakin farko.

Ma'aikacin tarayya da ke cikin tsarin inshorar NHIA yana biyan kashi 10 cikin 100 ne kawai na kuɗin magani, wanda sauƙi ne babba. Sai dai tsarin ya ƙunshi ma'aikaci da abokin aurensa guda da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, duk wanda ya ƙaru kuma sai an biya masa daban. A ganina wannan lissafi bai dace da gidan Bahaushe ba, inda mutum ɗaya ke riƙe da iyaye da ƙanne, wani ma da mata fiye da ɗaya, alhali iyayen ne suka fi kowa shan magani.

Mun yi wa Hajiya rajista ta daban a shirin jiharmu da lambarta ta NIN, muka jira har sunanta ya fito. An samu sauƙi, amma bai cika ba, domin sau da yawa a asibitin da muka zaɓa akan ba mu magani ɗaya a ce ɗayan ya ƙare, mu je mu saya a waje. Abin da ya cike wannan giɓi shi ne shawarar wani mai harhaɗa magunguna, wanda ya ce mu roƙi likita ya riƙa rubuta ainihin sunan magani, kamar amlodipine ko metformin, maimakon sunan da kamfani ya laƙaba masa. Sinadarin ɗaya ne, amma farashin yakan bambanta ƙwarai, sharaɗin kawai shi ne a duba lambar NAFDAC kuma a saya a amintaccen kanti, a kauce wa masu talla a tasha. Umarnin da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na 2024, na cire haraji a kan kayan haɗa magani, na iya ƙara taimaka wa kamfanonin cikin gida, ko da yake ni a kemis ɗin unguwarmu ban ga ragin da na yi tsammani ba.

Ga wanda abin ya fi ƙarfinsa gaba ɗaya, manyan asibitocin gwamnati suna da ofishin jin ƙai na marasa galihu, kuma hukumomin zakka a wasu jihohin Arewa sukan biya kuɗin magani idan aka kai takardar likita, sai dai masu nema suna da yawa kuma taimakon ba na kowane wata ba ne. Mu dai a gidanmu mun raba ragowar kuɗin tsakaninmu mu huɗu, kowa ya tura nasa kafin 25 ga wata. Ƙanwata kuma takan je duk ranar Juma'a ta ƙirga ƙwayoyin da suka rage a kwali, Hajiya tana kallonta tana faɗa cewa an mayar da ita ƙaramar yarinya.