Sati na shida: giya ta biyar ta ba ni kunya a gadar Kawo

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da war haka. Wannan satin ƙirga ce ta fi yawa, ban ma riƙe sifana sosai ba.

Oga ya buɗe wani giyabos a garejinmu na Panteka, Kaduna, ya ce in ƙirga haƙora. Ƙaramin ƙarfen yana da 10, babban da yake juyawa yana da 35. Ashe abin da ake nufi ke nan in an ce lissafin giya 3.5 ne: sai ƙaramin ya zagaya sau uku da rabi kafin babban ya zagaya sau ɗaya. Giya ta ɗaya a yawancin ƙananan motoci nan kusa take, ta biyar kuwa wajen 0.8. Akwai kuma ragin ƙarshe kafin ƙarfi ya kai taya, kusan 4. In ka ninka, a ta ɗaya injin zai juya wajen sau 14 kafin taya ta juya sau ɗaya, a ta biyar sau uku da ɗoriya. Kowane juyi kuma fetur yake sha, ga shi tun da aka cire tallafi a 2023 lita ta zama abin lallaɓawa.

Da na gane haka sai rawar kai ta kama ni. Na ɗauki tsohuwar Golf ɗin yayana, ina hawan gadar Kawo da gudun da bai wuce 40 ba, na zura ta biyar wai ni mai tattali. Mota ta hau kakkarwa, madubi yana rawa, injin yana ƙwanƙwasa kamar ana dakan sakwara. Na danne totur har ƙasa, ba ta ƙara komai ba, mai Keke Napep a bayana sai oda yake danna mini.

Oga dariya ya yi. "Kai yaro, ka ɗora wa jaki kaya sannan ka ɗaure masa ƙafa. Man da ka zuba ina ya je?"

Ya kuma hana ni sakin mota a firi, wato ba ta cikin giya, a gangara. Mai injekta, in tana cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur, kwamfutarta yanke mai take yi. A firi kuwa dole ta ci gaba da sha don kada ta mutu. Tsohuwar Peugeot 504 mai kafireto, irin wadda aka harhaɗa a Kakuri, ba ta da wannan dabarar.

Asabar zan cika tanki in je Zariya in dawo, in sake cikawa a famfo ɗaya, mu ga lita nawa ta sha.