Wasiƙa daga Ingila: daga ina "participate" ta fito?

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina gaishe ku daga Mancesta, inda sanyi ya fara kankama.

Akwai wata kalmar Turanci da ke bin mutum ko'ina a ƙasar nan, wato "participate". Tana cikin takardar sakamakon yara, tana cikin fom ɗin asibiti, tana cikin wasiƙun hukuma. A gida mukan ce shiga ko halarta, mu wuce.

Asalinta Latin ne, harshen Romawan dā. Kalmomi biyu aka haɗa: "pars", wato kaso ko rabo, da "capere", wato ɗauka ko kamawa. Daga nan aka sami "particeps", mai ɗaukar kaso, sannan aikatau "participare". Ita "capere" ɗin nan zuriyarta na da yawa a Turanci, "capture" da "anticipate" duk daga tsatsonta suke.

Mutum zai zaci Romawa ne suka bar ta a nan, tunda sun mamaye Birtaniya a shekara ta 43 miladiyya, suka yi mulki har wajen 410. Ina! A lokacin ma Turanci bai zo tsibirin ba. Sai a ƙarni na 16, zamanin Sarki Henry na 8, masana masu karanta littattafan Latin suka shigo da ita. Wasu malaman zamanin har tsaki suke yi wa irin waɗannan kalmomi, suna kiransu kalmomin kwalbar tawada.

Har gobe ƙamshin littafi bai bar jikinta ba. Maƙwabciyata, wata dattijuwar Baturiya, in ta ƙwanƙwasa ƙofa tana gayyatarmu sharar unguwa, "take part" take cewa. Ma'anar ɗaya ce da ta Latin ɗin, kalmomin ne kawai suka yi musayar wuri.

Inda nake da ja shi ne yadda ake kiran "participants" mahalarta. Halarta zuwa ce kawai. Mutum na iya sa hannu a takarda, ya sha lemo, ya yi gyangyaɗi, kuma ya halarta. "An dama da shi" ta fi kusa, a ganina.

Ɗalibanmu masu shirin zuwa karatu, ku lura da wannan. A wasu darussa akwai maki na musamman don tofa albarkacin baki a aji. Wanda ya yi shiru don girmama malami, kamar yadda aka tarbiyyantar da mu, sai ya ga makinsa ya ragu.

Ku gaida mutanen gida.

Ɗan uwanku a Mancesta