Talata, bakin kogin Luwangwa

Dorina ta hana ni barci jiya. Gurnaninsu na cikin ruwa na riga na saba da shi, amma wannan fitowa ta yi kiwo har gefen tantinmu, ina jin yadda take fizgar ciyawa tana huci. Maigida yana ta sharar barcinsa. Ni kuwa na karanta duk addu'ar da ta zo bakina, na lafe ban motsa ba, don tun ranar da muka sauka aka ja mana kunne cewa in dare ya yi a ja zif, kar wanda ya leƙo waje sai ya haska tocila mai gadi ya zo. Ruwan alwalar asuba ma a buta nake shiga da shi tun magariba.

Ƙarfe biyar aka tashe mu, shayi a tsaitsaye, sai mota. Yau ce ranar tafiyar ƙasa da Auta take ta zumuɗinta tun muna Lusaka, babban birnin Zambiya. Muka tsallaka gadar Mfuwe, aka yi ɗan nisa cikin gandun namun daji na Luwangwa ta Kudu, aka ajiye motar a gindin wata bishiyar nonon giwa. Tsarin ba wasa a ciki: layi ɗaya, jami'in hukumar namun daji a gaba da bindigarsa, jagoranmu a bayansa, sai mu, sai yaron da ke ɗauke da kayan shayi a ƙarshe. Ba surutu, ba kaya masu ɗaukar ido, kuma duk abin da ya taso kar a gudu. Jagoran ya maimaita wannan ta ƙarshen yana kallon Auta.

Wallahi na ji daɗi. A mota kallon dabba kake yi, a ƙasa kuwa har ƙafarka tana sanin inda take. Jagoran yana da ɗan ƙullin toka a aljihu, lokaci-lokaci ya kaɗa shi ya ga inda iska ta nufa, don giwa ba ta da ƙarfin gani amma hancinta ba ya kuskure. Ya durƙusa ya nuna mana sawu biyu a kan yashi, kusa da juna. Ɗaya da alamar farce a gaban kowane yatsa, na kura ke nan. Ɗayan a zagaye yake, lumui, ba farce ko ɗaya, saboda damisa tana janye nata ciki in tana tafiya. Ya fasa kashin giwa da hannunsa, ga ƙwallayen 'ya'yan itace ba abin da ya same su, ga ɓawon bishiya, ga gara har ta fara aiki ta ƙasa. Ya ce babbar giwa takan ci abin da ya kai kilo 150 a rana, kuma fiye da rabi haka yake fita bai narke ba, shi ya sa ita ce mai shuka rabin dajin. Can gaba muka ga raƙuman dawa irin na Thornicroft, waɗanda duk duniya sai a wannan kwarin ake samunsu, sun tsaya suna leƙenmu ta saman ƙaya.

Sai muka yi kiciɓis da giwa da ɗanta. Ban ma gan ta ba sai da jami'in ya ɗaga hannu. Ta baza kunnuwa, ta ɗaga kai. Da yatsa kawai ya nuna mana wani suri, muka ja da baya a hankali muka raɓe, shi ya tsaya a fili tsakaninmu da ita, bindigar tana hannunsa amma bakinta na kallon ƙasa. Ta girgiza kai, ƙura ta tashi, ta tura ɗan gaba suka shige. Auta ta riƙe min hannu har yanzu da shatin farcenta.

Abin da ya sa na zauna rubutun nan a wurin shan shayi ya faru. Kowa ya kewaye jagoran ana yi masa tambayoyi, ana dariya, ana nuna hotuna. Shi jami'in ya koma gefe a kan wani kututture, bayansa gare mu, fuskarsa ga daji. Tun safe ban ji muryarsa ba. Na ɗauki kofi na kai masa, na gaishe shi, na ce mun gode da abin da ya yi ɗazu. Ya karɓa da hannu biyu. Na tambaye shi ko bai ji tsoro ba. Ya ce wannan ba faɗa take nema ba, gargaɗi ne, wadda ta yi niyya takan maƙe kunnuwa ta sunkuyar da kai, ba ta tsayawa nuni. Daga nan na ce lallai yana son giwaye. Ya yi ɗan shiru, sannan ya ce ƙauyensu yana tsallaken kogi, a yankin Lupande, kuma a daminar da ta wuce giwaye sun shiga gonar mahaifiyarsa dare ɗaya, masara ta kusa isa girbi, da gari ya waye ba abin da ya rage sai karmami. Ba wanda ya biya ta ko kwaca ɗaya, wato kuɗin ƙasarsu. Daga albashinsa yake saya mata garin da take tuƙa nshima, tuwon masararsu, har yanzu.

Bai faɗa da ɗaci ba, shi ya fi tsaya min a rai. Ya ci gaba da ba ni labarin yadda suke fama: a kwaɓa busasshen barkono da kashin giwa, a shanya, a kunna shi a bakin gona hayaƙin ya kore su, a shafa barkono da baƙin mai a jikin igiya a kewaye shuka, a kwana a gona ana buga gwangwani. Da rani kuma in daji ya bushe, rumbu suke fasawa, har sai da wasu suka koma gina na siminti. Gandun nan faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 9,050, kuma ba shinge, kogi ne iyaka, giwa kuwa a Oktoba da ƙafa take tsallake shi. Na ce to yaya yake ji in ya fito sintiri yana cire tarkon waya don kare su? Ya ce, "Madam, lokacin da mahaifina yake saurayi akwai karkanda a nan. Ni ban taɓa ganinta ba." Bai ƙara ba, ya miƙo min kofin, ya tashi ya duba iska.

Gaskiya ya faɗa. Mafarautan ƙaho sun ƙarar da baƙar karkanda a kwarin nan, har a 1998 aka bayyana cewa babu ita a Zambiya gaba ɗaya. Waɗanda ke gandun Luwangwa ta Arewa yanzu daga Afirka ta Kudu aka fara kawo su a 2003, kuma ana gadinsu dare da rana.

A mota na ba Maigida labari. Ya ce, "To ai aikinsa ne, ana biyansa." Na san ba da mugun nufi ya faɗa ba, idonsa yana kan kyamara, amma maganar ta ƙi wucewa. Ana biyansa, haka ne. Ita tsohuwar fa, wa ya ɗauke ta aiki? Mu mun biya kuɗin shiga da dala don mu ga giwa da ɗanta, mun samu abin da muka zo nema, ita kuma da masararta aka ciyar da wannan giwar ko 'yar uwarta. Jiya da dare a bakin wuta jagoran ya ba mu tarihin Norman Carr, wani Bature mai kishin kare namun daji, yadda a 1950 ya shawo kan Sarki Nsefu ya keɓe wani yanki na ƙasarsa, aka kafa sansanin baƙi na farko, kuɗin yana komawa ga mutanen sarkin. Wato tun tushe an gane cewa wanda ke kwana da dabbar shi ya kamata ya fara cin moriyarta, kafin ma a mai da wurin gandun ƙasa a 1972. Na ga makarantu da rijiyoyin burtsatse a hanyar filin jirgi, ban ce ba a yin komai ba. Sai dai rijiya ta gari ce, gona kuwa ta mutum ɗaya ce, kuma shi kaɗai yake kwana da asarar.

Da rana zafi ba a magana. Na yi azahar na jiƙa mayafi na lulluɓa. Tsando ya ciji Yaya a wuya, ta kumbura.

La'asar sakaliya muka sake fita a mota. Jajayen tsuntsayen nan masu cin ƙudan zuma sun huda gaɓar kogi da ramuka, ɗaruruwa, suna ta shawagi. Ɓauna garke guda, carki a bayansu. Bayan magariba mai fitila ya hasko damisa a kan reshe da barewar da ta kama, kura biyu a ƙasa suna jiran abin da zai faɗo. Kowa ya rikice da murna, Auta har da hawaye. Na ɗauki hoto, ya yi kyau, zan sa muku in sabis ya yarda. Kafin ƙarfe takwas mun fito, lokacin rufe ƙofa ke nan.

Bayan cin abinci aka kawo maganar ambulan ɗin ihsani, nawa za a sa wa jagora, nawa ma'aikatan sansani. Na ce a ware na jami'in daban, kuma a ba shi hannu da hannu. Yaya ta goya min baya. Maigida ya ce sai an tambayi mai kula da sansanin ko dokar aikinsu ta yarda ya karɓa, kar mu ja masa matsala, kuma wannan magana ce mai kyau. Mai kula ɗin ya tafi Mfuwe sayayya, sai da safe zai dawo, mu kuma ƙarfe shida za mu kama hanyar Nsefu. Na roƙi mai gadi ya tashe ni da zarar ya ji motarsa.