Shekaru biyu kafin na taɓa dabba marar lafiya

Na shiga makarantar koyon aikin likitan dabbobi da zaton cewa cikin 'yan watanni zan fara riƙe sirinji ina yi wa shanu allura, amma sai da na shafe kusan shekara biyu ban ɗora hannu a kan dabba marar lafiya ko ɗaya ba. Abin da aka fara damƙa mana shi ne farar riga da safar hannu da 'yar wuƙar fiɗa, sannan aka raba mu shida-shida a kan tebura, kowane tebur da gawar kare da aka jiƙa da fomalin, maganin hana gawa ruɓewa. Warin wannan magani yana sa ido hawaye, yana kuma bin mutum har ɗakin kwana, sai dai bayan mako uku na daina jinsa, har nakan yi mamaki idan wani ya toshe hanci kusa da ni.

Ilimin ƙirar jiki shi ne ya cinye mafi yawan lokacinmu. Ana fara shi da kare, a bi ƙashi da tsoka da jijiya ɗaya bayan ɗaya, kowanne da sunansa na Latin, sannan a koma a kwatanta da doki da saniya da akuya da kaza. A nan ne nauyin karatun ya bayyana gare ni, domin mai koyon likitancin mutum jiki iri ɗaya yake nazari, mu kuwa duk abin da muka haddace sai an sake tambayarmu yadda yake a wata dabbar. Kare da saniya suna da haƙarƙari 13 a kowane gefe, doki yana da 18. Abin da kowa ke kira gwiwar doki a ƙafar gaba daidai yake da wuyan hannun mutum, kuma dokin a kan yatsa ɗaya tak yake tsaye, wanda kofato ya lulluɓe. Saniya ba ta da haƙoran gaba a muƙamuƙin sama, sai wani dasashi mai tauri da take danne ciyawa da shi.

Ba na mantawa da ranar da aka ajiye mana hantar doki. Na juya ta sama da ƙasa ina neman matsarmama, na kai minti goma ban gan ta ba, daga ƙarshe na ɗaga hannu na ce, “Malam, wannan hantar an yanke mata matsarmama kafin a kawo ta.” Malamin bai yi dariya ba, ya dai dube ni ya ce, “Ka je ka karanto mini yadda doki yake cin abinci, gobe ka faɗa mini wanda ya yanke ta.” Da dare na gano cewa doki ba shi da matsarmama tun asali, ruwan ɗacin yana gangarawa ne kai tsaye daga hanta zuwa hanji, abin da ya dace da dabbar da take yini tana kiwo kaɗan-kaɗan. Tun daga ranar na sauya yadda nake karatu. Da can haddar sunaye nake yi kamar mai karanta jerin kaya, kuma wannan hadda ta kunyata ni a jarrabawar farko, inda ake soka ƙananan allurai a sassan gawa, a ba mutum minti ɗaya a kowane tebur, da an kaɗa ƙararrawa ya matsa gaba ko ya rubuta ko bai rubuta ba. Da na fara tambayar kaina amfanin kowane sashe, sai sunayen suka riƙa zama da kansu.

Darasin sinadaran jiki kuwa na ƙi jininsa, domin a lokacin ban ga abin da ya haɗa zane-zanen allo da dabba mai rai ba. Ra'ayina ya canza ne lokacin da muka zo kan cikin dabbobi masu tuƙa a darasin yadda gaɓoɓi ke aiki. Cikin saniya ɗaki huɗu ne, kuma a cikin babban, wato tumbi, ƙananan halittu ne suke narkar da ciyawa su mayar da ita wasu sinadarai masu tsami waɗanda saniyar take samun yawancin ƙarfinta daga gare su. Yawun da take haɗiya, wanda yakan wuce lita 100 a rana, shi ne yake rage wannan tsami. Idan ta samu buhun hatsi ta ci fiye da kima a lokaci ɗaya, tsamin yakan rinjayi yawun, halittun da ke narkar da ciyawa su mutu, tumbin ya daina motsi, dabbar ma tana iya mutuwa. Duk wannan bayani yana cikin zanen da na raina, kuma har yau ina ganin da an fara mana da labarin saniyar kafin zanen, da ɗalibai da yawa ba su yi barci a ajin ba.

Mun kuma daɗe a gaban madubin ƙara girman abu muna duban yankakken nama da ɗigon jini, inda na taɓa ɗaukar jinin kaza lafiyayya a matsayin mai cuta saboda jajayen ƙwayoyinsa suna da wani ɗigo a tsakiya da ake kira cibiya, alhali haka jinin tsuntsaye yake. Ƙwayoyin cuta da tsutsotsi da kaska da magunguna sun biyo baya, kuma a nan ne na ji cewa farasitamol da mutum ke sha ba fargaba yana iya kashe kyanwa, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi.

Sau ɗaya a mako ake kai mu gonar makaranta mu koyi kama dabba da ɗaure ta. Masu kula da garken, waɗanda ba su taɓa zama a ajinmu ba, su ne suka nuna mini inda zan tsaya, domin doki baya yake harbi, saniya kuwa takan kawo ƙafarta ta baya zuwa gaba ta share gefe. Aikinmu shi ne auna zafin jiki da ƙirga numfashi da ɗora abin sauraro a kwiɓin hagu, mu jira ƙugin tumbi mai kama da tsawa daga nesa, wanda ke zuwa sau ɗaya ko biyu a minti. Na yi wannan a kan shanu lafiyayyu har na gaji, ina ganin ɓata lokaci ne.

Da aka fara shigar da mu asibitin makaranta, saniyar farko da aka ce in duba tana tsaye ne ta sunkuyar da kai, ba ta tuƙa. Na ɗora abin sauraro a kwiɓinta na hagu, na dubi agogo har minti uku suka wuce ban ji komai ba, sai na juya na tambayi mai ita ko ta samu hanyar shiga inda yake ajiye hatsi.