Shekaruna na farko a Amurka, zamanin Bush

Na sauka Amurka a watan Maris na 2001, wata biyu bayan rantsar da George W. Bush. Cacar biza ce ta ɗauko ni daga Maraɗi. Wani ɗan unguwarmu da nake kira Yaya ya tarbe ni a Greensboro, jihar Karolina ta Arewa, inda 'yan Nijar suke da yawa. Mu biyar ne a gida mai ɗaki biyu. Shi ya samo mini aiki a wata masana'antar kujeru kusa da High Point, ina gugar katako tun asuba har la'asar.

Wata shida kacal na yi cikin kwanciyar hankali. Bayan harin 11 ga Satumba, Yaya ya ce mini, "Ƙanena, ninke babbar rigar nan ka ajiye. Wannan Juma'ar da riga da wando za mu." Ba zan ci hakkin Bush ba: ranar 17 ga watan ya je Cibiyar Musulunci ta Washington ya ce Musulunci addinin zaman lafiya ne, kuma maganar ta sanyaya mana zuciya. Amma a Oktoba ya sa hannu a dokar Patriot ta yaƙi da ta'addanci, daga baya aka ce maza baƙi daga ƙasashe 25 su je su yi rajista. Nijar ba ta ciki. Abokin aikina ɗan Sudan kuwa sai da ya je aka ɗauki hoton yatsunsa, ya dawo ya yi sati ba ya son magana.

Daren da ba na mantawa shi ne na 28 ga Janairu 2003. Muna zaune a kan darduma, kwanon shinkafa da wake a tsakiya, Bush yana jawabi a gaban majalisa. Ya ce Saddam ya nemi yuraniyom daga Afirka. Yaya ya ajiye cokali, ya ce, "Wallahi da mu yake." Kowa a ɗakin ya san Arlit, garin da ake haƙar yuraniyom a Nijar, wasu 'yan uwansu can suke aiki. Ashe tun Fabrairun 2002 an tura tsohon jakada Joseph Wilson Yamai, ya dawo ya ce da wuya zancen ya zama gaskiya. A watan Maris na 2003 Mohamed ElBaradei, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta duniya a lokacin, ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun da aka kafa hujja da su kan cinikin yuraniyom tsakanin Nijar da Iraƙi jabu ne, amma ba a yi sati biyu ba aka afka wa Iraƙi. Shekara biyu ina fama da abokan aiki su bambance Nijar da Najeriya, sai ga shi sun koyi sunan ƙasata ta hanyar ƙaryar da aka ja yaƙi da ita. Har yau abin yana ci mini rai.

A cikin wannan jawabin ne kuma ya yi alkawarin dala biliyan 15 cikin shekara biyar don yaƙi da cutar ƙanjamau, shirin da ake kira PEPFAR. A daren ban ma saurara ba. Sai bayan shekaru, da wata 'yar uwata da ke aure a Katsina ta fara karɓar magani kyauta, ta tashi daga kwance ta aurar da 'ya'yanta, sannan na san nauyinsa.

Gida ne ya ƙarasa koya mini ƙasar. Bush yana ta cewa kowa ya mallaki muhallinsa, bankuna kuma suna ba da rance kamar ruwan sama. Na yi ta jan ƙafa saboda riba, amma na ɗauko iyalina, ga yaro, ga haya tana cin albashi. A 2005 na sa hannu a kan rancen da kuɗin ruwansa ke canzawa, ban gane sharaɗin ba. Shekara biyu sai biyan wata ya yi tsalle. A 2008 galan ɗin fetur ya kai dala 4, masana'antarmu ta rage kwanakin aiki, daga nan ta sallame mu.

Gwamnati ta aiko mana da cek na dala 1,500 a wannan bazarar, wai tallafin farfaɗo da tattalin arziki. Da shi na yi hayar motar da ta kwashe kayanmu, na biya kuɗin ajiya na wani ɗan gida kusa da na Yaya. Maiɗakina ta ɗaure tukwane a zani, yaron yana ta tambaya ko za mu tafi da bishiyar da muka dasa a ƙofa.