Gurbin 1928 a kundin dalar Peace

Kundina na dalar azurfa ta Amurka da ake kira Peace ya cika. Guda 24 cif, daga 1921 zuwa 1935, kowace na zaune a gurbinta. Har yanzu ba na iya wuce inda yake ban buɗe shi ba, kuma duk buɗewa sai na ji sanyi ya ratsa zuciyata. Sai dai idan idona ya sauka kan layin 1928, raina kan sosu, domin gurbin nan biya na yi na sake biya.

Duk wanda ya taɓa wannan jerin dalolin Amurka ya san yawancinsu ba sa ba da wahala. Ta 1922 da aka buga a ma'aikatar buga kuɗi ta Filadelfiya ta haura miliyan 51, ko'ina ka juya za ka same ta. Na Denba da na San Faransisko haƙuri kawai suke so. Ta 1921 ce ta ɗan ja ni, saboda a ƙarshen Disamba aka buga ta, guda miliyan ɗaya da 'yan kai, kuma zanen Anthony de Francisci ya taso sosai har injin bai iya fitar da gashin da ke tsakiyar kan matar da ke fuskar dalar yadda ya kamata ba. Wanda bai sani ba sai ya zaci gogewa ta yi a hannun mutane, alhali haka ta baro ma'aikata. Shi ya sa a 1922 aka kwantar da zanen. Da na gane haka na daina neman abin da babu, na ɗauki mai kyau na wuce.

Rigimar duk tana kan 1928. Dokar Pittman ta 1918 ta sa an narkar da dalolin azurfa sama da miliyan 270, da sharaɗin a sake buga madadinsu. A 1928 aka kammala biyan wannan bashi, aka tsayar da aikin sai 1934. A 1928 ɗin Filadelfiya guda 360,649 kacal ta buga, San Faransisko kuwa 1,632,000. Ta farkon ita ce mafi ƙaranci a jerin gaba ɗaya, kuma kuɗinta ya ninka na 'yar'uwarta sau da yawa. Abin da ya raba su ɗan harafin S ne a bayan dalar, ƙarƙashin kalmar ONE, dab da jelar mikiya. Ta Filadelfiya ba ta da harafi ko ɗaya. Wato kuɗinka kana biyan sa ne a kan abin da babu shi a jikin dalar, kuma a nan macuta suka samu ƙofa.

Na bar ta sai ƙarshe, kamar yadda kowa ke yi. Ramuka 23 sun cika, ɗaya na kallona. A wani baje kolin tsofaffin sulalla na gan ta a kan tebur, cikin kwalin nan mai tagar leda, an rubuta 1928 da biro. Farashin ya ɗan yi ƙasa da na kasuwa, amma ba ƙasan da zai sa mutum ya tsargu ba. Na ciro sikelina na aljihu, nauyi ya zo daidai da giram 26.73 da ake tsammani, in ban da ɗan abin da yawo ya ci. Faɗi milimita 38.1. Maganaɗisu bai kama ta ba. Na ɗora ta a kan yatsa na ƙwanƙwasa a hankali, ta yi doguwar ƙarar nan ta azurfa. Na sa gilashin ƙara girma a kan lambar 8, don na san ana mayar da 1923 ta koma 1928, na ga lambar lafiya lau. Na juya baya, babu S. Na biya na taho ina murna.

Duk gwajin da na sani ta ci, kuma dole ta ci, domin dalar gaske ce. Azurfa kashi 90 cikin ɗari, jan ƙarfe kashi 10, gwamnatin Amurka ce ta buga ta a shekarar da aka rubuta. Gwaje-gwajen nan an yi su ne don kama jabun da aka zuba a wani lungu, ba don kama ta gaske da aka yi wa tiyata ba.

Wani dattijo da ya girme ni nesa ba kusa ba a wannan harka ne ya gano. Na kai masa kundin ne don ya taya ni murna. Ya bi layi-layi yana gyaɗa kai, da ya zo kanta sai ya nemi izini ya ciro ta, ya riƙe ta a gefe-gefe, ya karkata ta ƙarƙashin fitila yana juyawa sannu a hankali. Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, “Ɗana, matso ka duba nan.”

Hasken da ke zagaya fuskar azurfa idan ana juya ta yana tafiya sumul, sai ya zo dab da jelar mikiya ya yanke. Wurin bai kai ƙwayar gero ba. Ya fi kewayensa santsi, ya ɗan lotsa, ga wasu siraran zane-zane duk sun nufi gefe guda, sannan an shafa wani abu da ya dusar da launin don ya saje da sauran. Na ce, “Baba, ai na auna ta, nauyinta daidai.” Ya ce, “Sikelinka ba zai ji nauyin harafi ɗaya ba.” Na aika da ita kamfanin tantancewa duk da haka, ina fatan ko idon dattijo ne ya gaza. Ta dawo ba a ba ta daraja ba, da bayanin cewa an kankare harafin ma'aikata.

Mai teburin da na nemo shi cewa ya yi shi ma haka ya saye ta, kuma babu takardar da ta ce zai karɓi abin da ya sayar. Wataƙila gaskiya ya faɗa, wataƙila a'a. Kuɗina dai bai dawo ba.

Yanzu duk wanda ya ce mini zai fara wannan jerin, magana ɗaya nake nanata masa har ya gaji: fara da 1928. Lokacin da kundi ke fanko, zuciya a kwance take, kana iya duba dala goma ka ajiye. Idan ya rage rami ɗaya, ido abin da yake so yake gani. Ni na duba wurin harafin, na ga babu, na ɗauke kai, ban tsaya na tambayi ko an taɓa samun wani abu a wurin ba. Sannan kada ka saye ta tsirara. Nemi wadda kamfanonin tantance sulalla, PCGS ko NGC, suka tantance suka liƙe a ƙwanson roba, ka shigar da lambar ƙwanson a shafinsu ka tabbatar, ka kwatanta hoto idan akwai, don ƙwanson ma ana yin jabunsa. Ƙarin kuɗin da za ka biya bai kama ƙafar abin da na yi asara ba. Idan kuwa dole sai tsirarar, to a rubuta sharaɗin mayarwa kafin kuɗi ya bar hannunka, kuma ka juya ta a ƙarƙashin fitila ɗaya tilo, ba hasken zaure mai zuwa ta ko'ina ba.

Ta 1934 mai S ma tana da nata halin. Wadda ta yi yawo tana da sauƙin kuɗi, wadda ba ta taɓa shiga kasuwa ba kuwa sai mai ƙarfi. Na ɗauki mai ɗan gogewa wadda launinta ya dace da maƙwabtanta, kuma ban yi da-na-sani ba. Kundin da launinsa ya tafi bai ɗaya ya fi mini wanda guda ke ƙyalli saura na dushe. Wadda aka wanke ko aka goge da man ƙarfe kuwa ko kyauta ba na so. Ta 1964 da aka buga a Denba aka ba da umarnin narkar da ita duka ba ta cikin lissafi, haka sababbin da aka dawo da su a 2021, ni dai ban sa su a nawa ba.

Da na sake tara kuɗi na samu ta gaske, tana cikin ƙwansonta da lambarta, sai wata sabuwar shawara ta taso: in bar ta a liƙe gurbin ya zauna fanko, ko in fasa? Masu harkar da yawa za su ce fasawa ganganci ne, domin shaidar ta tafi ke nan. Suna da hujja. Amma ba don sayarwa na tara su ba. Na ɗauki hotonta gaba da baya, na fasa ƙwanson a hankali, na manna takardar shaidar a cikin bangon kundin. Na riƙe ta a gefe, na daidaita ta a bakin ramin, na ɗora ƙyalle mai laushi na danna da babban yatsa. Ta ɗan turje, sannan ta zauna. Hannuna rawa yake yi. Na jera shafukan a buɗe ina kallon fuska ɗaya sau 24, kowace da irin tsufanta, na ce alhamdu lillahi da ƙarfi ni kaɗai.

Waccan ta farkon tana nan a wurina. Wani ya ba ni shawarar in tura ta gaba yadda aka turo mini, na ƙi. Na sa ta a sabon kwali na rubuta da jan biro cewa ta San Faransisko ce da aka kankare wa harafi, don ko bayan raina kada ta cuci kowa. Abin da ya fi ƙona mini rai ma ba kuɗin ba ne. Dala ce mai kyau, ta 1928 mai S, wadda da an bar ta da harafinta da ta samu gurbinta a kundin wani da mutuncinta. Wani ya zauna da kayan aiki ya lalata ta har abada, yanzu darajarta ba ta wuce nauyin azurfar da ke jikinta ba. Duk wanda ya zo ganin kundin, ita nake fara miƙa masa tare da gilashi, in ce ya nemo mini aibinta, kuma kaɗan ne ke samowa kafin in nuna musu.