Yadda na saba da tabarau maras layi

Ina da shekara 46 lokacin da na lura cewa tabarau ɗin da nake sawa tun ina sakandare ya daina yi mini aiki a wajen karatu. Nesa ina ganinta tar, amma idan na sunkuyar da kai kan littafi sai haruffa su haɗe, dole in cire tabarau in kawo takardar kusa da fuska. A aji abin ya fi damuna, domin aikin malami kallo biyu ne a lokaci guda: ya duba littafin da ke hannunsa, ya ɗaga kai ya ga ɗalibin da ke layin ƙarshe. A darasi ɗaya nakan cire tabarau in mayar fiye da sau ashirin.

Likitan ido ya yi mini bayani cewa a bayan baƙin ido akwai wani ɗan madubi mai laushi wanda yake ƙara kauri idan mutum zai kalli abu na kusa, kuma da shekaru suka haura arba'in sai ya fara tauri, ya kasa lanƙwasawa kamar da. Wannan ba cuta ba ce, kowa zai same ta idan Allah ya ba shi tsawon rai. A takardar da ya rubuta mini, ban da lambar ganin nesa, akwai ƙarin +1.50 na karatu, ya kuma ce in sa rai wannan ƙarin zai yi ta hawa sannu a hankali har ya kai wajen +2.50 idan na doshi shekara 60. Sai ya ajiye mini zaɓi uku: in riƙa yawo da tabarau biyu, ko in yi mai hawa biyu wanda ake ganin layi a tsakiyarsa, ko kuma in yi maras layi, wanda masu shagon gilashi suke kira furogiresif.

Mai hawa biyu tsohon abu ne, ana danganta ƙirƙirarsa ga Benjamin Franklin na Amurka tun a shekarun 1780. Matsalarsa ita ce nesa da kusa kawai ya sani, babu tsaka-tsaki, kuma idan ido ya tsallake layin sai abin da ake kallo ya yi tsalle. Maras layi kuwa wani injiniyan Faransa mai suna Bernard Maitenaz ne ya fito da irin da ya karɓu a kasuwa, a shekarar 1959, da sunan Varilux. A irin wannan gilashi ƙarfin yana sauyawa a hankali daga sama zuwa ƙasa: sama na hangen nesa ne, ƙasa na karatu ne, tsakaninsu kuma akwai wani siririn lungu wanda da shi ake ganin abin da ke nisan hannu, kamar allon kwamfuta ko fuskar wanda kuke zaune tebur ɗaya. Amma wannan sauƙi yana da farashinsa, domin gefe da gefen lungun, musamman ta ƙasa, gani yana dusashewa kuma abubuwa suna ɗan karkacewa. Tun 1963 wani masani Bajamushe mai suna Minkwitz ya nuna da lissafi cewa ba yadda za a yi a kawar da wannan dusashewa gaba ɗaya, iyakar abin da masu ƙerawa za su iya shi ne su rage ta ko su tura ta inda ido bai cika zuwa ba. Saboda haka duk mai shagon da ya ce gilashinsa mai tsada ba shi da dusashewa ko kaɗan, bai faɗi gaskiya ba, ko da yake gaskiya ne mai inganci lungunsa ya fi faɗi.

Na zaɓi maras layi, kuma tabarau na farko da aka yi mini ya ba ni wahala ƙwarai. Na ɗauki firam siriri domin ya yi mini kyau a fuska, yaron shagon ya ɗora ruler a kan hancina ya rubuta lamba ɗaya, ya ce in dawo bayan kwana huɗu. Da na karɓa, mako uku na yi ina fama: ciwon kai da yamma, ƙasa tana yi mini kamar tana motsi idan na juya, kuma ba na iya karatu sai na ɗaga haɓa sama har wuyana ya ƙage. Duk wanda na yi wa ƙorafi sai ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, haka yake, za ka saba." Na yarda da su, na ci gaba da daurewa, har ranar da na kuskure matakala a masallaci bayan sallar isha'i na kusa faɗuwa, wani dattijo ya riƙo hannuna.

Washegari na kai tabarau ɗin wani wuri dabam. Matar da ta karɓe ni ta ɗaga gilashin saitin fitila, ta nuna mini wasu ƙananan alamomi guda biyu da aka zana a jikin kowane gilashi, waɗanda ban taɓa lura da su ba. Daga waɗannan alamomi, da ke da tazarar milimita 34 a tsakaninsu, ta sake zana inda ya kamata tsakiyar ido ya tsaya, ta ce in sa tabarau in kalle ta. Ɗigon ya sauka milimita huɗu ƙasa da baƙin idona, na dama kuma ya kauce gefe. Ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan ko shekara ka yi da shi ba za ka saba ba. Lambar likita daidai take, awon ne ba a yi ba." Ta ƙara da cewa firam ɗin ya yi gajarta daga sama zuwa ƙasa, har wani ɓangare na wurin karatun ya tafi a wajen yankan gilashi.

Wannan ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe, domin na ga mutane da yawa sun jefar da irin wannan tabarau a aljihun tebur suna cewa idonsu ne bai karɓa ba, alhali ba a auna su yadda ya kamata ba. A karo na biyu sai da ta fara gyara zaman firam ɗin a fuskata, ta lanƙwasa hannuwansa a bayan kunne, ta matse 'yan madogaran hanci har ya daina zamewa, ta kuma karkata ƙasansa kaɗan zuwa kumatu. Bayan haka ne ta tsaya daidai tsayina, ta ce in kalli nesa yadda na saba ɗaukar kaina, ta ɗiga alama da alƙalami a kan kowane ido daban. Ta auna tazarar kowane ido daga tsakiyar hanci shi kaɗai, domin fuskar mutum ba ta cika zama daidai wa daida ba. Ta kuma tambaye ni irin aikina, da awa nawa nake yi a gaban kwamfuta, da ko ina tuƙi da dare. Firam ɗin da muka tsayar tsayin gilashinsa ya kai milimita 32, kuma duk awon bai wuce minti goma sha biyar ba.

Ko da awo ya yi daidai, sabo yana buƙatar kwanaki. Ni kwana tara na yi kafin in manta cewa sabon abu ne a fuskata. Shawarar da ta fi yi mini amfani ita ce in riƙa nuna abin da nake son gani da hancina, wato in juya kai gaba ɗaya maimakon in karkata ido gefe, kuma in ajiye tsohon tabarau kada in riƙa komawa gare shi, domin komawar tana mayar da ƙwaƙwalwa baya. Na fara sa shi da safe ina zaune a gida, kwana biyu ban yi tuƙi da shi ba, da na fara kuma sai na koyi juya kai sosai idan zan duba madubin gefe.

Matakala da bakin kwata su ne wuraren hatsari. Idan mutum ya sauke ido kawai ya kalli ƙafarsa, ta wurin karatu yake kallo, wanda aka yi domin abin da ke nisan kamu ɗaya, don haka ƙasa za ta dusashe masa. Maganin shi ne ya sunkuyar da haɓa zuwa ƙirji ya kalli matakalar ta saman gilashi. Haka na tarar a tsayuwar sallah: wurin sujada yana yi mini hazo har sai na ƙara sunkuyar da kai kaɗan. Sujadar kanta tana tura firam, shi ya sa nake komawa a daidaita mini shi duk bayan 'yan watanni. Saboda wannan matsala ta kallon ƙasa ban ba mahaifiyata shawarar irin wannan tabarau ba. Ta haura saba'in, ƙafarta ba ta da ƙarfi, kuma wani bincike da aka yi a Ostireliya a 2002 ya nuna cewa tsofaffi masu sa gilashi mai hawa-hawa sun fi saurin faɗuwa. Ita tabarau biyu muka yi mata, ɗaya na fita, ɗaya na karatun Alƙur'ani.

Wurin da har yanzu bai gamsar da ni ba shi ne kwamfuta. Lungun tsakiya siriri ne, kuma allon da ke saitin ido yana tilasta ɗaga haɓa. Na sauke allon ƙasa da kamar faɗin tafin hannu, na ɗaga kujerata, abin ya yi sauƙi, amma wanda yake wuni a ofis gara ya tambayi irin da ake yi musamman domin tebur, mai faɗin tsakiya da ƙasa, wanda ba a tuƙi da shi. A lokacin hunturu kuma na daina goge gilashi da bakin riga, domin ƙurar tana kankare rufin da ke hana ƙyalli. Ruwa nake fara zuba masa, sannan in goge da ƙyallensa.

Na karɓi kwafin takardar likita tare da awon da matar ta yi, na ajiye su a cikin jakar takarduna. Likita ya ce in dawo bayan shekara biyu a sake duba ƙarin karatun, a kuma auna hawan jinin ido, kuma wannan karon zan tafi da firam ɗin da na riga na san zamansa a fuskata.